Babin Yarinyar

Tun kafin direban tasi ya kashe mota, mutanen layin sun gama raba baki a kanta. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya bar kan wani rabi a aske, yana cewa matar nan da ake shirin fitarwa ta sa uwarsa kukan da mutuwar ubansa ba ta sa ta ba, kuma da ana adalci da kafet za a shimfiɗa mata daga bakin titi har ɗakinta. Matar mai kanti ta ce a shimfiɗa ɗin, amma a fara koya mata amsa gaisuwa, shekara tara suna layi ɗaya ba ta taɓa samun abin da ya wuce ɗaga gira ba. Wata ta ce aure huɗu ta yi, wata ta ce uku ne, na huɗun a cikin fim aka ɗaura shi. Aka ce ba ta taɓa haihuwa ba. Aka ce ta haihu mana, tana da 'ya babbar mace tana aiki a shagon tabarau can cikin gari, sai dai ba ta ce mata uwa. A kan abu ɗaya kaɗai bakinsu ya zo ɗaya: asibiti ba ya sallamo mutum a irin wannan kamanni don ya warke.

Tauraruwa suke ce mata, wasu da gaske, wasu da gatse.

Ƙafarta ba za ta hau bene ba, don haka aka kawo kujerar roba aka zaunar da ita, mai aski da direban suka cicciɓa. Ba ta da nauyi, rigar ma kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Amma da suka kai tsakiyar matakala, inda 'yan kallon ƙasa za su hango ta, sai ta ɗaga yatsa.

"Ku juya ni. Ɓangarena na hagu ne mai kyau."

Suka juya ta, suna haki. Ta ɗaga wa layin hannu a hankali.

Mai Guga na biye da su da jakar magunguna da fulas. Ita likita ya ja gefe da safen nan, da ya tambayi dangi aka rasa, ya ce mata a kai ta gida ta huta, a ba ta duk abin da ranta ke so, sati biyu ne ko uku. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙofarta ce ke kallon ta Tauraruwa a saman benen. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watsu garuruwa, ita kuwa guga take yi wa mutanen layin tun suna goye. Ba ta da yawan magana. Mutane kan kawo mata kaya su zauna su zazzage mata cikinsu, tana yayyafa ruwa tana cewa "to" da "ikon Allah", har su tashi sun ji sauƙi. Sai da ta haura hamsin ta shiga ajin manya na yamma ta koyi karatu da rubutu, kuma har yau da fensir take rubutu, don ba ta yarda da abin da ba a iya sharewa ba.

Wata takwas da suka wuce Tauraruwa ta leƙo ta tarar tana rubuta sunayen masu kaya a 'yan takardu tana maƙalawa a wuyan riguna. Ta daɗe tana kallon haruffan, manya, a tsaye ƙyam kamar sojoji, sannan ta ce ta samu sakatariya. Tarihin rayuwarta take so a rubuta kafin 'yan jarida su rubuta ƙarya. Tun daga ranar, kullum Mai Guga ta kashe dutsen guga da yamma sai ta ɗauki littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta tsallaka.

Tauraruwa ba ta iya ba da labari kamar sauran mutane ba. Sai ta gyara zama, ta juya fuska wajen taga, ta tafa hannu sau ɗaya ta ce "A ɗauka." Idan jimlar ba ta yi mata daɗi a kunne ba, ta ce "A yanke," a share, a koma farko. Duk da haka aikin ya tafi. An rubuta wasanta na farko a zauren wata makaranta mai yoyo, ana wasa ana jan bokiti da ƙafa. An rubuta tafiye-tafiye a bayan babbar mota, ita da akwatunan kayan wasa, da daraktan da yake jifa da takalminsa in an manta magana, da yadda sauran mata suke shafa man zafi a ƙarƙashin ido don su yi kuka, ita kuwa ko sau ɗaya. Idonta na hagu ke fara kawo ruwa, na dama ya biyo baya da ƙirga uku. Fim talatin da huɗu ta fito a matsayin uwa. Littafi bakwai suka cika.

Babi ɗaya ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na yarinyar. Sau goma sha ɗaya aka ɗauke shi. Abubuwa uku ne ba sa canjawa: jaririya 'yar wata takwas, tashar mota, da yayar Tauraruwa da ta miƙo hannu ta karɓa. Dalilin kuwa kullum da sabon da yake zuwa. Yau dangin uban ne suka matsa, gobe nono ne ya ƙafe, jibi yayarta ce da ba ta haihuwa ta yi ta roƙo har da durƙusawa. Akwai ranar da aikin wata shida ne kawai ya zama shekara shida ba da saninta ba. Kowanne idan ta faɗa sai ka rantse shi ne gaskiya, kuma kowanne washegari sai ta ce a yanke. Takardar wajen har ta huje saboda sharewa. Mai Guga takan koma ɗakinta ta tarar tana danna dutsen guga a kan rigar mutane kamar rigar ce ta yi mata laifi. Yarinyar da ake magana a kai shekararta arba'in da ɗaya. Sau biyu take zuwa a shekara, ta tsaya minti goma, ta duba kwalaben magani, ta ce "Allah ya ƙara sauƙi, Anti," ta sauka.

Kwana biyu da dawowa daga asibiti, Mai Guga tana shafa mata mai a ƙafa, ta yi ta maza.

"Yaya, a bar littafin nan haka. A kira ta ki faɗa mata da bakinki."

Ta zaci faɗa za a yi. Sai Tauraruwa ta kalli silin ta ce gaskiya ne, lokaci ya yi, amma ba za ta shiga irin wannan fitowa ba shiri ba. Kwana uku take buƙata na gwaji.

Aka yi gwajin. Aka ja gadon kusa da taga, don hasken ƙarfe huɗu shi ne ba ya tona rama. Aka fito da wani farin mayafi daga ƙasan akwati, Mai Guga ta goge shi sau biyu. Tauraruwa ta sa aka yi alama da guntun sabulu a ƙasa inda za a ajiye 'yar kujera, ba kusa sosai ba, yadda sai ta miƙa hannu da ƙyar kafin ta taɓa wadda ke kai. Mai Guga ce ta zama 'yar. Aikinta ta zauna ta sunkuyar da kai, kada ta ɗago sai an kira ta sau biyu.

Maganar kuwa, Mai Guga ba ta taɓa jin irinta ba. Tana farawa da daren da aka haifi yarinyar, ta bi ta kan hannun da ya saki, ta zo inda uwa ke cewa ba ta zo neman a kira ta uwa ba, ta zo ne ta ajiye kayan da ta ɗauka shekara da shekaru. Sau tara suka yi ta cikin kwana ukun, sau tara Mai Guga ta yi kuka. Ta ma ji haushin kanta da ta taɓa zargin matar da wasa da hankali. Ita ba ma'abociyar kallo ba ce, rayuwarta duk ta yi ta ne bayanta na juye da talabijin. Da gabanta gaɗi ta ɗauki waya ta kira shagon tabarau, ta ce wa 'yar ta daure ta zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu, mahaifiyarta na da maganar da ba ta taɓa faɗa mata ba. Har da cewa ita ta tsaya mata.

Ta zo. Doguwa ce kamar uwar, da irin goshinta, amma ba ta da ko ɗigon kwalliya, kuma tafiyarta ta mai sauri ce. Ta gaida Mai Guga da "Sannu da ƙoƙari, Iya," ta nufi tebirin magani kamar yadda ta saba. Mai Guga ta nuna mata kujerar. Ta kalli kujerar, ta kalli alamar sabulun, ta zauna da jakarta a cinya.

Tauraruwa ta fara. Ciwon ya cinye rabin muryar, amma rabin da ya rage ya ishi ɗakin. Mai Guga ta raɓe a bakin ƙofa, idonta har ya fara cikowa. Da aka zo wajen hannun da ya saki, sai ta lura leɓen 'yar yana motsi. Ta ɗauka addu'a take yi. Aka zo wajen kayan da aka ɗauka shekara da shekaru, idon hagu ya kawo ruwa, sai 'yar ta buɗe baki suka ƙarasa jimlar tare, kalma da kalma, ita da murya a miƙe kamar mai karanta takardar magani. Tauraruwa ta tsaya.

"Ci gaba mana, Anti," in ji 'yar. "Saura ki kamo hannuna ki ɗora a kuncinki. Ni kuma in ce, Uwata, ai ban taɓa riƙe ki ba. Sai kiɗa ya tashi."

Ba wanda ya motsa.

"Ina 'yar shekara goma sha ɗaya fim ɗin ya fito. Na kalli kaset ɗin har ya tsinke, na liƙe shi da gam na ci gaba. Yarinyar da kika faɗa wa, jar riga ce a jikinta." Ta miƙe. "Ta fi ni iya sunkuyar da kai."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta je tebirin ta ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa Mai Guga wanda ba a sha da shayi, ta rubuta lokutan a jikin kwali. Sannan ta sauka. Ana jin takunta har ƙasa, da muryar mai aski yana mata sannu ba ta amsa ba.

Tauraruwa ta goge idon hagun da gefen mayafi. Ta ce yarinyar ta shigar mata cikin magana, ba a yi wa mutum haka, ko sabon shiga ya san ana bari a kai aya. Mai Guga ta tambaye ta ko ta san maganar ta fim ce. Ta ce ta sani mana, wanda ya rubuta ta ya shekara yana gyara ta, kuma duk abin da ke ciki gaskiya ne a kanta, to don me za ta ajiye mai kyau ta ɗauko maras kyau?

Mai Guga ta nufi ƙofa. Ta tuna kukanta sau tara, da mayafin da ta goge sau biyu, da bakinta da ya ce ita ta tsaya. Ta ja ƙofar ta tsallaka ɗakinta. Ranar ta ƙona wuyan farar rigar mai kanti, abin da ba ta yi ba cikin shekara ashirin. Kwana biyu tana kai shayi, tana juya ta, tana zubar da fo, ba ta ce mata komai ba ban da "ɗaga hannu" da "buɗe baki".

A rana ta uku ta ɗaura mayafinta ta hau motar haya zuwa cikin gari. Shagon tabarau ƙarami ne, duk bango madubi, mutum ya ga kansa ta ko'ina. 'Yar tana sanye da farar rigar aiki. Da ta ga Mai Guga ba ta nuna mamaki ba. Ta waiwayi maigidan shagon da ke zaune a bayan teburin ciniki, ta ce wa Mai Guga ta shigo ciki a duba mata ido, don a nan ba a zama hira. Ta zaunar da ita a doguwar kujera, ta ɗora mata wani ƙarfen tabarau mai nauyi a hanci, ta kunna allo mai haruffa a bango.

Mai Guga ta karanta layin farko da na biyu da ƙarfi, tana jin daɗin da ba ta zo nema ba. A na huɗu haruffan suka zama tururuwa. A nan ta ce ita wallahi ba ta san na fim ba ne.

'Yar ta ce ta sani, ai fuskarta ta nuna. Ta zare gilashi ɗaya ta saka wani. Ta ce abin da Anti ba ta gane ba, ita ba ta taɓa jin zafin tashar mota ba. Tana wata takwas, me ta sani? Mama, yayar Anti, ta riƙe ta riƙon da ba kowace uwa ke yi ba, har Allah ya karɓi ranta, kuma ba ta ɓoye mata komai ba, tun tana ƙarama ta san wadda ta haife ta ita ce ta cikin talabijin.

"Wannan ya fi, ko na ɗazu?"

"Wannan."

'Yar ta ce tana shekara tara ta addabi Mama sai an kai ta ta ga uwarta a wajen aiki. Suka yi tafiyar yini guda. A hanya igiyar takalminta ta tsinke, ta ƙarasa tana jan ƙafa. Suka tarar ana hutu, Anti na zaune a inuwa da wata yarinya a cinyarta, wadda ke fitowa a 'yarta, tana ɓare mata lemo. Darakta ya tambaya wannan kuma ta waye.

"Sai ta dube ni ta ce, 'Yar yayata ce. Aka tashi za a ci gaba, ta ce in matsa baya, inuwata tana shiga hoto." Ta kashe allon. "Na ji an ce littafi bakwai kuka cika, Iya. Wannan yana ciki?"

Mai Guga ta san littattafan nan kamar tafin hannunta. Ta san sunan direban babbar motar da launin takalmin darakta. Ta girgiza kai, ƙarfen tabaraun ya zame mata a hanci.

'Yar ta cire mata shi. Ta ce idonta na buƙatar gilashin karatu, ta ɗauko ɗaya daga aljihun tebur ta saka mata a jaka, ta ce kada ta ƙara wahalar da kanta da zuwa, in wani abu ya faru waya ta isa.

Da Mai Guga ta dawo ta tarar Tauraruwa ta zame daga kan matashi, ta kasa gyara kanta. Ta ɗago ta, ta ba ta ruwa a cokali. Numfashinta na dawowa ta ce a ɗauko littafi, ta samo inda babin ya karkace, daga tashar mota bai kamata a fara ba, daga asibitin haihuwa za a fara. Ta ɗaga hannu za ta tafa.

"Yaya, ranar da aka kawo miki ita wajen aiki, me kika ce wa darakta?"

Hannun ya tsaya a sama. Ta ce wace rana, ai mutane dubu sun zo kallonta a wajen aiki. Mai Guga ta gyara zama. Abin da ta fi iyawa ke nan a duniya, ta zauna ta jira. Agogon bango ya yi ta tafiya. A ƙasa mai aski ya kunna injinsa ya kashe, ya sake kunnawa.

"Takalminta a hannu yake," in ji Tauraruwa can. "Ƙafa ɗaya. Ta ɓoye shi a bayanta."

Daga nan bayani ya ɓalle. Lokacin an gaya wa duniya ba ta taɓa aure ba, mai fim ɗin ya ja mata kunne, magana ɗaya za ta rushe aikin mutum arba'in. Tana faɗa muryar tana daidaita, tana samun kari, fuskar tana neman taga. Ta ce wannan ai shi ne babin, yaya aka yi ta manta, a rubuta: Rana ta take, ƙura ta lafa, sai ga wata 'yar yarinya daga nesa.

Mai Guga ta tashi ta tattara littattafan bakwai daga kan akwati ta rungume su.

"Fensirina ba zai ƙara rubuta ko harafi ɗaya a kan yarinyar nan ba."

"Sakatariya, zauna."

"Ni mai guga ce."

"To wa zai ba ni abin da zan faɗa?"

"Ba kowa."

Mai Guga ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar matar ba sai ranar, ko lokacin da likita ke nuna hoton cikinta. Tauraruwa ta ce shekara arba'in ba ta taɓa tsayawa gaban mutum da magana mai nauyi ba sai an rubuta mata ta haddace. Ko aurenta na biyu da ya mutu, da maganar wani fim ta sallami mijin, kuma ya tafi yana kuka. Idan ta buɗe baki haka kawai ba abin da zai fito, ta gwada, fayau take ji kamar tulun da aka kife. Mai Guga ta ce to a kife ɗin za ta gan ta. Ta kai littattafan ɗakinta ta tura su ƙarƙashin tulin zannuwan gado, ta dawo ta ci gaba da ba ta ruwa.

Daga ranar jikin ya yi ƙasa da sauri. Shayi ya daina wucewa. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa yin allura ta ce kwana ɗaya ne ko biyu. Tauraruwa ta roƙi littafin sau uku, ta yi lallashi, ta yi zagi da ɗan abin da ya rage na murya, ta ce wa Mai Guga baƙar jahila wadda ta koyi baƙi jiya take son yi wa mutane iyayi. Mai Guga ta share mata baki ta gyara mata matashi. A zuciyarta kuwa ba ta da tabbacin daidai take yi. Wataƙila ta hana mai mutuwa abu ɗaya da ya rage mata, a kan wadda ta riga ta ce ba za ta zo ba. Ranar Talata ta kira shagon. Ta faɗi abin da ma'aikaciyar jinya ta ce, ta ƙara da cewa ba ta yi alkawarin akwai wata magana ba. 'Yar ta ce ta ji, ta ajiye wayar.

Laraba ce ranar ƙarshe, da yamma Tauraruwa ta cika. Amma da hantsi, Mai Guga na tsakiyar canja zanen gado, ta rasa yadda za ta juya ta ita kaɗai, sai ta ji taku mai sauri a matakala.

Ba a shirya komai ba. Hasken safe ta bayan gini yake, ɗakin duhu-duhu, yana warin magani da fitsari. Kan Tauraruwa a buɗe, furfurar ta kwanta gefe ɗaya, haƙoran robarta suna cikin kofi a kan taga, kuma ɓangarenta na dama ne ke kallon ƙofa. 'Yar ta shigo da farar rigar aikinta, ta ajiye jaka a ƙasa, ba ta yi gaisuwa ba ta zagaya ɗaya gefen gadon ta sa hannu a ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu. Suka juya ta tare, suka zare jiƙaƙƙen zanen, suka shimfiɗa busasshe. Ta iya, ta yi wa Mama irin wannan wata bakwai. Da suka gama ta zauna a bakin gadon, don kujerar an ɗora mata kwanon wanka. Ta tsoma auduga a ruwa ta fara jiƙa leɓen da ya tsattsage.

Idon Tauraruwa ya bar fuskar 'yar ya zagaya ɗakin har ya samu Mai Guga, ya tsaya a kanta yana roƙo, irin kallon wanda magana ta ɓace wa a gaban jama'a. Mai Guga ta juya baya. Ta durƙusa gaban bokiti ta kama zanen tana matsewa, ko da yake ba a nan ake wanke shi ba.

Ta ji an ja numfashi an fara wata kalma, ta mutu. Aka sake, ta sake mutuwa. A titi wata mota ta yi ta ƙoƙarin tashi. Mai Guga ta saci kallo ta gefen ido. Babu hawaye ko a ido ɗaya, bakin da ba haƙora ya shige ciki, haɓar tana karkarwa. Audugar ta tsaya a hannun 'yar, ruwa na ɗiga daga jikinta a kan sabon zanen, ɗigo ɗaya, can wani.

Muryar da ta fito ba ta cika ko rabin gadon ba, kuma kalmomin a cakuɗe suke.

"Ranar nan. Da takalminki ya tsinke. Na ce ke 'yar yayata ce." Ta huta. "Na gan ki sarai. Ni na ce ki matsa. Ki yi haƙuri, 'yata. Ban kyauta ba."